Jagora: Yadda Za Ka Karanta Taswirar Unguwarku Ka San Inda Halittun Pokémon GO Suke Ɓullowa

Duk wanda ya ɗan jima yana buga Pokémon GO, wasan waya da ake yawo a ƙafa ana kama halittu ta hanyar jifansu da ƙwallo, ya taɓa cin karo da wannan abin ɗaure kai. Kana tsaye a bakin kasuwa ko a tashar mota, allon wayarka cike da halittu har ka rasa wadda za ka fara jifa, amma da ka yi tafiyar minti biyar ka isa jikin katangar wata makaranta sai allon ya zama fayau, kamar an bi shi da tsintsiya. Wasu sukan ɗora laifin a kan raunin intanet, wasu su ce rashin sa'a ne, alhali dalilin yana rubuce a wani wuri da kowa zai iya buɗewa ya karanta kyauta. Wasan ba ya ganin ƙasar da kake takawa. Abin da yake gani shi ne yadda aka rubuta wannan ƙasa a taswira, kuma rubutun ma na wani lokaci ne da ya wuce, ba lallai na yau ba.

Kamfanin Niantic na Amurka ne ya fitar da wasan a ranar 6 ga Yuli, 2016, kuma a watan Oktoba na wannan shekara ya iso ƙasashen Afirka da dama, ciki har da Nijar da Ghana da Chadi. Kafin shi kamfanin yana da wani wasa mai suna Ingress tun 2012, kuma daga can aka ɗauko wuraren da suka zama PokéStop da Gym na farko, wato inda ɗan wasa yake karɓar kayan wasa da inda halittu suke karawa da juna. A ƙarshen 2017 taswirar da ake gani a allo ta koma ta OpenStreetMap bayan an daɗe ana amfani da ta Google, ko da yake 'yan wasa sun riga sun gano cewa tun kafin nan bayanan OpenStreetMap suna da hannu a kan inda halittu suke taruwa. Ita wannan taswira, wadda Steve Coast ya assasa a Ingila a 2004, 'yan sa-kai ne suke zana ta, kuma kowane fili da aka zana ana liƙa masa laƙabi da ke faɗin ko mene ne shi: gona, lambu, makaranta, bariki, fadama. A 2025 wasan ya koma hannun kamfanin Scopely. Kamfanonin da suka mallaki wasan ba su taɓa wallafa cikakkun ƙa'idojin ɓullowar halittu ba, don haka mafi yawan abin da ke ƙasa ya samo asali ne daga ƙidayar da 'yan wasa suka yi shekara da shekaru, musamman rukunin nan da aka sani da The Silph Road.

Mataki na farko: raba tambayar gida uku

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a haɗa abubuwa uku a kira su da suna ɗaya. Na farko shi ne maɓulla, wato ainihin ɗigon ƙasa inda halitta take fitowa. Maɓulla ba ta yawo. Tana nan a wurinta kullum, kuma takan fitar da halitta sau ɗaya a cikin awa a minti ɗaya tsayayye, halittar ta zauna rabin awa ko awa guda sannan ta ɓace. Na biyu shi ne muhalli, wanda yake yanke irin halittun da maɓullar ta fi karkata gare su: na ruwa, na dutse, na ciyawa ko na lantarki. Na uku shi ne sheƙa, wato fili guda da aka ware inda nau'i ɗaya tak yake yawaita na ɗan lokaci.

Amfanin wannan rabo shi ne, kowanne yana da tushensa dabam. Yawan maɓullai a farkon wasan ya bi sawun yawan amfani da wayar hannu a wuri, gādon da aka ɗauko daga Ingress, shi ya sa tsakiyar birni da harabar manyan kantuna suka cika maƙil yayin da ƙauyuka suka zama kufai. Daga baya an ƙara wasu maɓullai a kewayen PokéStop da Gym da kuma a kan hanyoyin ƙafa da aka zana a taswira. Muhalli da sheƙa kuwa sun fi dogara ga laƙabin ƙasa. Ke nan laƙabi mai kyau ba ya haifar da komai idan babu maɓulla a cikin filin, kamar yadda gona mai albarka ba ta tsirar da abin da ba a shuka ba. Ka riƙe wannan, domin shi ne yake warware yawancin ruɗanin da zai biyo baya.

Mataki na biyu: buɗe taswirar ka tambaye ta

Shiga shafin openstreetmap.org, kuma ya fi sauƙi a kwamfuta, ko da yake waya ma tana yi. Nemo unguwarku, ka matso da taswirar sosai har ka riƙa ganin layuka da gine-gine. A gefen dama akwai jerin maɓallai, ɗaya daga ciki yana da alamar tambaya. Danna shi, sannan ka danna tsakiyar filin da kake son sani. Jerin abubuwa zai fito a gefen hagu, kashi biyu: abubuwan da ke kusa da inda ka danna, da kuma abubuwan da suka kewaye wurin. Kashi na biyun ne ya fi muhimmanci, domin a nan ne za ka ga babban filin da ƙaramin filinka yake kwance a cikinsa. Zaɓi ɗaya, teburin laƙubansa zai bayyana.

Laƙabi yana zuwa ne kashi biyu da alamar daidai a tsakani, kuma da Turanci ake rubuta shi a duk duniya, don haka dole ka haddace kaɗan yadda suke. Misali leisure=park yana nufin lambun shaƙatawa, landuse=grass filin ciyawa, landuse=farmland gona, amenity=school makaranta, natural=water kuwa ruwa ne kwance kamar tafki ko kududdufi. Kada launi ya yaudare ka. Filaye da yawa suna fitowa kore a allo alhali laƙubansu sun sha bamban, kuma wasan laƙabin yake karantawa.

A ƙasan teburin akwai inda za ka danna ka ga tarihin wannan fili: ranar da aka fara zana shi, da duk lokacin da aka taɓa shi. Mutane da yawa sukan tsallake wannan, amma a ganina shi ne wurin da ya fi cancantar a ɓata lokaci. Wasan ba ya bin OpenStreetMap kai tsaye. Lokaci-lokaci ne ake ɗaukar kwafin taswirar a ɗora a kansa, kuma tsakanin ɗauka da ɗauka akan yi watanni, wani lokaci fiye da shekara. Idan an zana lambun unguwarku wata biyu da suka wuce, to akwai yiwuwar wasan bai san da shi ba tukuna. Haka kuma idan an rushe wani filin ƙwallo aka gina shaguna, wasan zai iya ci gaba da ɗaukar wurin a matsayin fili har zuwa ɗauka ta gaba. Ƙari a kan haka, kwafin da ake zana allo da shi da wanda ake lissafin sheƙa da shi ba lallai su kasance na rana ɗaya ba, shi ya sa wani lokaci za ka ga wuri ya yi kore a wayarka amma bai zama sheƙa ba.

Wanda yake son ganin gari gaba ɗaya a lokaci guda zai iya amfani da Overpass Turbo, wani shafi da ake rubuta masa laƙabi ɗaya ya haskaka duk filayen da ke ɗauke da shi a yankin da aka buɗe. Ba dole ba ne ga mai farawa.

Mataki na uku: nemo sheƙa

A nan ne ribar take. Sheƙa tana ba ka nau'i ɗaya a yalwace, wanda ke nufin alewa mai yawa, wato ladan da wasan yake bayarwa a kan kowane kamu don haɓaka halittar, da ƙarin damar cin karo da mai ƙyalli ko mai ƙarfi. Laƙuban da 'yan wasa suka tabbatar suna haifar da sheƙa sun haɗa da lambun shaƙatawa, lambun furanni, filin wasan yara, filin ƙwallo, filin golf, filin nishaɗi na jama'a, filin ciyawa, makiyaya, gona, garka ta itatuwan marmari da kuma jeji mai gajerun bishiyoyi. Da ka duba jerin za ka ga hikimar: wurare ne buɗaɗɗu da mutum zai iya yawo a ƙafa ba tare da fargabar mota ba.

Hanyar aiki ita ce ka rubuta duk filayen da ke da irin waɗannan laƙuba a iyakar inda ƙafarka ko kekenka zai kai, sannan ka jera su bisa yawan maɓullai, ba bisa girma ba. Gona mai faɗin hekta ɗari a bayan gari sheƙa ce a takarda kawai idan babu maɓulla ko ɗaya a cikinta, yayin da ɗan ƙaramin lambu a tsakiyar gari mai PokéStop huɗu da hanyar ƙafa a kewaye zai iya ba ka abin da kake nema cikin rabin awa. Ko a sheƙa mai kyau ma ba kowace halitta ce za ta kasance ta nau'in sheƙar ba. Masu ƙidaya sun kiyasta kusan ɗaya cikin huɗu, sauran kuwa halittun muhallin wurin ne na yau da kullum. Saboda haka ganin nau'i ɗaya sau biyu bai isa hujja ba. A ce ka zagaya lambu ka ƙirga halittu ashirin, biyar daga ciki Electabuzz ne, kuma da ka fita bakin titi ba ka ga ko ɗaya ba. Wannan sheƙa ce. Idan kuwa kana ganin su ciki da waje daidai, to biki ne ake yi ko yanayi ne ya jawo su.

Sheƙa tana sauya mazauninta. An daɗe ana yin wannan ƙaura duk mako biyu, a daren Laraba wayewar garin Alhamis da ƙarfe 12 na dare agogon GMT, wato ƙarfe 1 na dare a Nijar da Najeriya. Filin yana nan a matsayin sheƙa, nau'in da ke cikinsa ne yake canjawa, kuma babu mai iya hasashen wanda zai zo. Don haka zagayen safiyar Alhamis ya fi na kowace rana daraja: shi zai gaya maka ko lambun ya cancanci zirga-zirgar mako biyu, ko kuwa ka juya wani wuri. Manyan bukukuwan wasan ma sukan girgiza sheƙu a tsakiyar zango. Kada kuma ka ɓata ƙafa wajen neman sheƙar abin da ba ya sheƙa: halittun almara, da waɗanda suka keɓanta da yanki ɗaya na duniya, da manya irin Snorlax da Lapras ba sa cikin jerin. Dratini ya yi sheƙa a makonnin farko na 2016, aka cire shi tun da wuri.

Wani abu da yakan rikita mutane shi ne fili a cikin fili. Filin ƙwallo da ke cikin babban lambu zai iya zama sheƙa mai zaman kanta, ko kuma babban ya haɗiye shi. A nan ƙafa ce kawai za ta raba gardama: tsaya a cikin ƙaramin, ka ƙirga, ka fito cikin babban, ka sake ƙirgawa.

Mataki na huɗu: gane wuraren da aka toshe

Kamar yadda wasu laƙuba suke jawo halittu, wasu korarsu suke yi. Harabar makarantun yara, barikin soja, wurin da ake gini, wurin fasa dutse, titin saukar jiragen sama da fadama mai laka suna cikin waɗanda 'yan wasa suka lura ba sa fitar da komai, ko da kuwa jama'a sun cika wurin da wayoyi. Dalilin a fili yake: ba a son wasa ya ja baƙo zuwa cikin yara 'yan makaranta, ko ya kai mutum inda ransa zai shiga haɗari.

Matsalar tana tasowa ne idan mai zana taswira ya yi sakaci da iyaka. Sau da yawa ana zana harabar makaranta daga hoton tauraron ɗan Adam, hannu ya zarce, layin ya haɗiye gidaje goma na maƙwabta. Ko kuma unguwa sabuwa da aka yi wa laƙabin landuse=construction lokacin da ake aza tubali, aka gama gini, mutane suka tare har yara suka fara tafiya, amma ba wanda ya koma ya gyara laƙabin. Idan gidanku yana cikin unguwa mai cunkoso, layin da ke bayanku yana samun halittu, naku kuwa shiru, to wannan ne abu na farko da za ka bincika, ta hanyar kashi na biyu na jerin nan da na ambata, wato abubuwan da suka kewaye wurin. Laƙabi mai toshewa yakan rinjayi mai jawowa, shi ya sa filin ƙwallon da ke cikin harabar makaranta ba ya zama sheƙa.

Mataki na biyar: muhalli

Tun shekarar farko 'yan wasa sun lura cewa bakin kogi, tafki da tashar jiragen ruwa suna yawan fitar da Magikarp, Psyduck, Slowpoke da Staryu, kuma a can ake sa ran Dratini. Ga wanda yake tara alewa 400 da ake buƙata don mayar da Magikarp ya zama Gyarados, sanin wurin ruwa ɗaya mai maɓullai da yawa ya fi yawon gari na wata guda. Wurare masu tudu sun shahara da Clefairy, busassun yankuna da Sandshrew da Geodude da Cubone, sannan akwai muhallin lantarki, inda Magnemite da Voltorb suke yawaita, wanda aka fi gani a wasu unguwannin masana'antu da bakin tashoshin ruwa. Muhalli ya fi sheƙa wuyar karantawa daga laƙabi ɗaya, domin yakan shafi yanki mai faɗi, kuma iyakarsa ba ta bin katanga.

A nan ma taswira ce mai magana, ba ido ba. Rafin da yake ƙafewa ƙurmus da rani, har yara su mayar da cikinsa filin ƙwallo, yana nan shuɗi a taswira wata goma sha biyu. Taswirar ba ta san damina ba, ba ta san rani ba. Akasin haka kuma, kududdufin da ke cika duk Agusta a bayan unguwa, wanda kowa ya sani har da sunansa, idan ba a zana shi ba to a wurin wasan babu shi.

A watan Afrilu na 2024 aka fito da muhalli fili. Hoton bayan halitta a lokacin kamawa ya fara sauyawa bisa inda kake tsaye, ko daji, ko bakin teku, ko tsauni, ko cikin gari, kuma wannan ya ba ɗan wasa ma'auni a hannunsa: taɓa kowace halitta, ka dubi abin da ke bayanta, ka san yadda wasan ya ɗauki wurin. A lokacin ne kuma aka shigo da Wiglett, wadda aka ɗaure fitowarta da bakin gaɓa mai yashi, abin da ke da laƙabin natural=beach. Za mu dawo kan abin da wannan ya haifar.

Mataki na shida: fita da littafi

Taswira tana ba ka zato ne kawai, tabbaci yana ƙafa. Zaɓi hanya gajera, wadda za ka iya zagayawa cikin minti ashirin, wadda ta ratsa aƙalla iri biyu na ƙasa, misali gefen lambu da layin kasuwa. Duk inda halitta ta fito, rubuta abu huɗu: wurin da wata alama da ba ta motsi, kamar turken lantarki na uku daga kwana, sunan halittar, lokaci da mintinsa, da alamar yanayi da ke kusurwar allo. Maimaita wannan sau biyar ko shida a ranaku dabam-dabam da sa'o'i dabam-dabam.

Bayan mako guda littafin zai fara magana. Za ka ga cewa a gindin wata bishiyar darbejiya kullum akwai halitta idan ka wuce da minti 20 bayan awa, amma babu idan ka wuce da minti 10, wato maɓullar tana buɗewa a tsakanin nan. Idan ka tsaya a wurin sau ɗaya kana kallon agogo har ta ɓullo, ka kama mintinta ke nan, kuma zai yi maka aiki na tsawon lokaci, sai fa idan an yi wa maɓullai garambawul gaba ɗaya, abin da akan yi jefi-jefi. Da ka san mintocin maɓullai shida ko bakwai, za ka iya tsara zagayenka yadda za ka riƙa isa kowacce bayan ta buɗe. Yayin wannan bincike kada ka kunna turaren jawo halittu, kuma ka kauce wa PokéStop da wani ya sa wa Lure, domin halittun da suke jawowa ba daga maɓullar ƙasa suke ba, za su gurɓata maka lissafi.

Akwai shafuka da manhajoji da suke nuna halittun gari gaba ɗaya ta hanyar asusun bogi, da masu sauya wa waya wurin da take. Duka sun saɓa wa ƙa'idar wasan, kuma hukuncin yana hawa uku: gargaɗi, dakatarwa, sannan rufe asusu.

Mataki na bakwai: cire abin da ba na ƙasa ba

Kafin ka yanke hukunci cewa ƙasa ce ta jawo wata halitta, sai ka tabbatar ba ɗaya daga cikin abubuwa huɗu ba ne. Na farko yanayi, wanda aka shigo da shi a Disamba 2017. Rana tsaf tana ƙara halittun ciyawa, wuta da ƙasa. Ruwan sama yana ƙara na ruwa, lantarki da ƙwari. Iska tana ƙara masu tashi da dodanni da masu ƙarfin tunani. Hadari mai rufe sama yana ƙara masu guba da masu faɗa da aljanu. Hazo kuwa na duhu da fatalwa. Ana sabunta shi duk awa, bisa hasashen masana yanayi na yanki mai faɗin kusan kilomita 10, don haka alamar da ke allo ce abin dogaro, ba sararin da ke kanka ba. A ƙasashenmu da rana take ƙwallewa watanni a jere, mai sabon shiga zai iya ɗauka unguwarsu muhallin hamada ce, alhali yanayi ne kawai yake ta tura masa halittun wuta da ƙasa.

Na biyu zango. Tun Disamba 2020 aka raba shekarar wasan zuwa zanguna na wata uku-uku, kowanne da jerin halittunsa, kuma jerin ya bambanta tsakanin arewacin duniya da kudancinta. Littafin da ka cika a Fabrairu zai buƙaci sabuntawa a Maris, aƙalla ta fuskar sunayen halittu, ko da wuraren maɓullai ba su motsa ba. Na uku bukukuwa, irin Community Day da aka fara a Janairu 2018, waɗanda sukan mamaye kusan dukkan maɓullai da nau'i ɗaya ko kaɗan. Ranar biki ba ranar bincike ba ce. Na huɗu yanki na duniya. Tropius na Afirka ne da kewayen Bahar Rum, kamar yadda Kangaskhan yake na Ostireliya, Mr. Mime na Turai, Tauros na Arewacin Amurka, kuma babu laƙabin ƙasa da zai sauya wannan. Shellos ma misali ne mai daɗi: mai launin hoda yana yamma da layin Greenwich, shuɗi yana gabas, kuma da yake layin ya ratsa ta Tema a Ghana, ɗan wasan Accra yana da iyakar a kusa da gida.

Mataki na takwas: ƙara wa unguwa maɓullai ta hanyar halal

Idan bincikenka ya nuna cewa matsalar ƙarancin maɓullai ce, to mafita ita ce ƙarin PokéStop, tunda halittu sukan taru a kewayensu. Ana gabatar da sabon wuri ta tsarin Wayfarer idan mutum ya kai matakin da aka gindaya, wasu 'yan wasa kuma su tantance. Abin da ake karɓa shi ne wuri na dindindin, mai amfanin jama'a, wanda ake isa da ƙafa lafiya: masallaci, coci, ɗakin karatu, ƙofar gari, zanen bango, filin wasa, allon tarihi. Ba a karɓar gidan mutum ko makarantar yara.

A nan ne sanin akwatunan S2 yake da amfani. Tsari ne da aka ƙirƙira a Google wanda ya raba doron duniya zuwa akwatuna, kowanne ana sake raba shi huɗu, hawa-hawa har mataki na 30, kamar gidajen dara a cikin gidajen dara. Akwatin mataki na 17, mai faɗin kusan mita 70, PokéStop ɗaya yake ɗauka a bisa al'ada, don haka gabatar da wuri na biyu a cikinsa ba lallai ya ba ka PokéStop na biyu ba ko da an amince da shi. Akwatin mataki na 14, mai faɗin kusan mita 600, shi yake yanke yawan Gym: wurare 2 suna ba da ɗaya, 6 suna ba da biyu, 20 suna ba da uku. Mai hankali yakan duba akwatunan da babu komai a cikinsu tukuna, musamman waɗanda suka faɗa cikin lambu ko filin wasa, domin PokéStop ɗaya a can yana iya farkar da sheƙar da take barci.

Mataki na tara: gyara taswira, amma da gaskiya

Kowa zai iya buɗe asusu a OpenStreetMap ya yi gyara, kuma a nan ne jarrabawar take. Bayan fitowar Wiglett a 2024, wasu 'yan wasa sun riƙa zana gaɓar teku ta ƙarya a tsakiyar unguwanni da filayen ajiye motoci, kamar yadda tun 2016 wasu suke mayar da tsakar gidansu lambun shaƙatawa a taswira. Masu kula da taswirar sun bi sun goge, sun kuma toshe asusun masu naci. Ko ta fuskar riba ma aikin banza ne, tunda kafin a ɗauki kwafi na gaba an riga an share ƙaryar. Ta fuskar amana kuwa abin ya fi muni, domin wannan taswira ce ma'aikatan agaji suka dogara da ita bayan girgizar ƙasar Haiti a 2010, da kuma lokacin annobar Ebola a Afirka ta Yamma a 2014, sa'ad da 'yan sa-kai suka zana ƙauyuka da hanyoyin da babu su a kowace taswira. Wanda ya zana tafkin da babu shi don kama Magikarp, wata rana direban motar asibiti ne zai yi kwana saboda shi.

Gyaran gaskiya kuwa ana maraba da shi, kuma garuruwanmu suna da buƙatarsa ƙwarai. Ƙa'idar masu taswirar ita ce a zana abin da wani zai iya zuwa ya gani da idonsa. Je wurin, ka tabbatar. Buɗe manhajar gyara ta cikin shafin, wadda ake kira iD, ka bi darasin farko da take bayarwa kafin ka taɓa komai. Zana iyakar filin daga hotunan sama da manhajar ta tanada, kada ka kwafa daga Google Maps, domin haƙƙin mallaka ya hana. Zaɓi laƙabin da ya dace da abin da wurin yake, ba wanda kake fata ba: filin ƙwallon unguwa leisure=pitch ne, ba lambu ba, kuma fegin da aka bari ciyawa ta cinye ba wurin shaƙatawa ba ne. Idan iyakar makaranta ta haɗiye layinku, matso da ita zuwa ainihin katanga, kada ka goge makarantar. Idan an gama gini, sauya laƙabin zuwa landuse=residential. Zana hanyoyin ƙafa da mutane suke bi da gaske. Kafin ka adana, rubuta jimla ɗaya da ke bayyana abin da ka yi da yadda ka sani. Idan kuma kana shakkar hannunka, akwai damar barin ɗan rubutu a kan wurin, wani gwani ya zo ya gyara.

Daga nan sai jira, tunda ɗaukar kwafi ba a hannunka take ba. Rubuta ranar da ka yi gyaran a bangon littafinka, ka riƙa leƙa wurin duk bayan ƙaurar sheƙa. Kafin lokacin, wanda yake zaune inda maɓullai suka yi ƙaranci yana da Daily Adventure Incense, turaren kyauta da aka shigo da shi a Yuli 2022, wanda yake jawo halittu na minti 15 sau ɗaya a rana, da sharaɗin mutum yana tafiya. Zaɓi miƙaƙƙiyar hanya marar motoci, ka tabbatar kana da ƙwallayen jifa isassu, sannan ka kunna shi bayan ka fara takawa.